Tambaya da Amsa: Hawan da ya kusa kashe ni, a hoto sai ya fito a shimfiɗe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Samaru ta Zariya, ina da keken tsere ɗan gwanjo, ranar Asabar in an yi asuba mukan fita da abokai, wani lokacin mu miƙi hanyar Shika wani lokacin mu bi ta Wusasa wajen dutsen Kufena. Matsalata in na ɗauki hoton hawan da na sha baƙar wuya a kai na tura guruf sai ya fito kamar ba hawa ba, har wani ya ce wai ko tsoho da Raleigh ɗinsa zai haye yana taunar goro. Su kuma sai turo hotunan Turai suke, titi yana ta kwana a jikin dutse. Wayata ce ba ta da kyau, ko dai Zariya ce ba ta da abin ɗauka?
Daga mai karatu a Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wayarka ƙalau take, bar ganin laifinta.

Mu fara da gaskiyar da ba za ta yi maka daɗi ba: Zariya ba garin hawa ba ce. Fili ne, sai duwatsu da suka ɓullo jefi-jefi irin su Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur, kuma kwalta ba ta hau kan Kufena ba, gefensa kake bi. Hotunan da abokanka ke turowa, in ka ga titi ya nannaɗe a jikin dutse to galibi Alpe d'Huez ne na Faransa, mai lanƙwasa 21 a cikin kilomita kusan 14, wanda gasar tseren keke ta Tour de France ta fara hawa a 1952, ko kuma Stelvio na Italiya da ya kai mita 2,757 sama da teku, ɓangarensa ɗaya kawai lanƙwasa 48 ne. Ka ga in da waɗannan za ka yi gasa ai tun ba a fara ba an cinye ka.

Amma fa ko can ɗin, in ka tsaya a tsakiyar titi ka ɗaga waya ka ƙyasta, a shimfiɗe zai fito. Alpe d'Huez ɗin da ake ta kururutawa tsayuwarsa wajen kashi 8 cikin 100 ce, wato duk mita 100 da ka taka ka ɗaga sama da mita 8 ne kacal, cinyarka ce ke jin abin, ido ba ya wani gani sosai, balle kyamarar waya da ke buɗe fili ta mayar da na nesa ƙanƙani. Sannan kai da kanka kana ƙara ɓata lamarin, don in ka fuskanci hawa ba ka sani ba za ka ɗan kishingiɗar da wayar ta bi titin, shikenan ta daidaita shi.

To ga yadda za ka yi. Ka jingine keken, ka sauka daga titi ka koma gefe, can nesa, ta yadda titin zai ratsa hoton a karkace, wayar kuma a tsaye cak. Ka nemi abin da yake tsaye a miƙe, turken wuta ko bishiyar giginya ko katanga, ya shigo hoton, shi ne zai tona asirin karkatar titin. Ka sa zum ɗin a 2x in wayar na da shi. Sai abokinka ya taho, kuma kar ya kalle ka yana dariya yana ɗaga yatsu biyu, ka bari sai ya tashi daga kan sirdi yana danna feda, keken na rangaji, baki a buɗe, gumi na ɗiga daga ƙasan hular kwano, a nan za ka danna. Wanda ya ga wannan ba sai an rantse masa akwai hawa ba. In kuma akwai tudu kusa, hau ka ɗauko titin daga sama, yawancin hotunan Turawan nan haka aka yi su.

Lokaci ma yana da nasa. Rana tsaka kashe hoto take. Da hantsi ko bayan la'asar inuwa na tsawo, komai yana fitowa da kauri. Disamba da Janairu hazo kan shafe Kufena ka gan shi dishi-dishi, ni dai ina son hakan amma ba kowa ba. Agusta zuwa farkon Oktoba kuwa, washegarin ruwan dare, masara da dawa sun yi kore shar a hagu da dama, kwalta na sheƙi, ga Bafillatani can da shanu, wallahi wannan kam Bature ba shi da shi. Shi za ka ɗauka.

In hawa na gaske kake so, akwai Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, sai dai tirela ba ta san ɗan keke ba a wurin, sau tari birki ke tsinke musu a gangarar, ban ba ka shawarar ka je kai kaɗai ba.

Af, in za ka tura a WhatsApp ka danna HD, in ba haka ba zai matse hoton ya dusashe.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ne duk ya dawo yawon keke sai ya sa hotuna a Facebook har da taswirar inda ya bi, ƙanwarsa ta nuna min na ga layin ya faro daga ƙofar gidanmu. Ni hankalina bai kwanta ba, shi kuma ya ce tsoro ne ya yi min yawa.
Daga wata uwa a Tudun Wada

AMSA: Lafiya lau Hajiya, kuma ke ce da gaskiya. Da alama Strava yake amfani da ita, manhajar da masu keke da masu gudu ke auna tafiyarsu. A 2018 taswirar wannan manhajar ta fallasa inda sansanonin sojan Amurka suke a ƙasashen waje, don kawai sojojin na motsa jiki da ita a kunne. To ina ga gidan mutum? Duk wanda ya bi shafinsa ya san gidan, ya san ranar da yake fita da ƙarfe nawa da hanyar da yake bi, a wannan zamanin da muke ciki.

Ba sai kin hana shi ba, keke lafiya ce. Ki ce ya shiga saitin sirri na manhajar, akwai inda ake ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, ko kuma ya bari sai ya kai babban titi kafin ya kunna. Hoto kuma sai ya dawo gida ya yi wanka sannan ya sa, ba yana can bayan gari yana sanar da duniya ga ni nan ba. Ya riƙa sauya hanya, kuma kafin su nufi wajen Giwa ko wani ƙauye mai nisa su tambayi direbobin tasha yadda hanya take a ranar.

Ki ƙara masa da cewa Zariya garin sojoji ne, ga Depot inda ake horar da kuratan sojoji ga barikin Basawa, kar ya kuskura ya ɗaga waya kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro komai kyan wurin. Matan ƙauye da ke aiki a gona ko masu tallar nono ma ya yi sallama ya nemi izini, in sun ce a'a ya mayar da wayarsa aljihu ya taka kekensa.