Gwanjon kayan gida da gidan gado: amsar Baffa

Ɗana, na ga saƙonka. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Ka ce 'yan'uwanka sun kawo shawarar a yi gwanjon kayan gidan nan na unguwar Jahun a Bauchi, har da gidan kansa, kowa ya karɓi nasa ya huta. Kai kuwa abin ya tsaya maka a rai, kana tambaya ko wannan al'adarmu ce ko ta Bature, kuma in za a yi, ta ina ake farawa.

A sa kaya a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda ya fi ƙari ya ɗauka, wannan ba Bature ya kawo mana ba. Malamai suna kiransa bai'ul muzayada, kuma halas ne. Dillali ya daɗe yana zagaya kasuwa da riga a kafaɗa, yana faɗin inda tayi ya tsaya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. Hanin da aka yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa yana farawa ne bayan mai kaya ya karkata ga tayin mutum ɗaya. Abin da Bature ya ƙara shi ne takardar sanarwa, da tsayar da rana, da ƙararrawa, da guduma, da lasisin mai gwanjo.

Turawa sun ci Bauchi a 1902, suka yi Barikinsu a wajen ganuwa. Ma'aikacinsu ba mazauni ba ne: yau an yi masa canjin wurin aiki, gobe ya yi ritaya, wani kuma zazzaɓi ya kashe shi. Ba zai ɗauki tarkace zuwa Ingila ba, balle jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba sai 1961. To, sai a baje kayan a baranda: firiji mai aiki da kananzir, tukunyar tace ruwa, fitilar Tilley, garmaho, akwatin ƙarfe, keken ɗinki, sirdi, wani lokaci har dokin. Akawuna da ma'aikatan En'e da attajirai su taru, a yi ta ƙari da fam da sule. Sule 20 ne fam, kwabo 12 ne sule. Amma gidan ba ya shiga gwanjo, domin na gwamnati ne, haka ma gado da kujerun da ma'aikatar ayyuka ta zuba a ciki. Dokar filaye ta 1910 kuwa ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, abin da mutum ke samu ikon zama ne, ba ya kuma sayar da shi sai da izini. A cikin gari kuma maganar gida tana hannun mai unguwa da alƙali da fada, gidan gado kuwa ba a buga masa ƙararrawa. Ƙimanta shi ake yi. Ka riƙe wannan bambancin, don har yau shi ke aiki: kaya daban, gida daban.

Kafin a taɓa ko cokali, a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, ita ma kada ta wuce sulusi. Sannan a ware abin da ba na mamaci ba. Nan aka fi samun rigima. Kayan ɗakin mahaifiyarku, gadonta da jerenta da kwanukanta da duk abin da aka kawo ta da shi ko ta saya da kuɗinta, nata ne, ba ya shiga gado. Haka kayan aro da ajiyar mutane. Kuma tana takaba, wata 4 da kwana 10, a ɗakinta za ta yi. Kada wani ya shigo da mai saye yana leƙa ɗakuna tana zaune a ciki.

Sai a zauna, magada da dattawa biyu, a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lamba. A kira wanda ya san kasuwa ya ƙimanta, kafinta ga kayan katako, mai gyara ga firiji da janareta. Kada mai ƙimantawa ya zama mai sha'awar saye. Daga nan a fara tayi tsakanin magada: wanda ke son agogon bango ko kujerar tsohon ya ɗauka a kan ƙimarsa, a cire daga rabonsa. Alƙur'aninsa da littattafansa da rigunan da ya sa, ni dai ban ga kyan a kai su gaban 'yan gwanjo ba. Ba haram ba ne, amma ido yana jin kunya. A raba su a ɗaki.

Abin da ya rage shi ne na gwanjo. A yi magana da dillali a kan la'adarsa tun kafin ya buɗe baki, kashi nawa cikin ɗari, kuma wa zai biya. Kowane abu mai daraja a sa masa kuɗin da in tayi bai kai ba za a ce albarka, a rubuta, a ba dillali shi kaɗai. Ƙananan kaya a haɗa su kashi-kashi, mai kyau da mai dama-dama tare, in ba haka ba za a tsince na kirki a bar muku bola. A ba mutane yini guda su duba. Mai hankali zai kifa kujera ya dubi ƙafafunta, ya ƙwanƙwasa bayan kabad: in gari ya zubo kamar tsaki, ƙwaro ya gama da ita, in kuma ta yi ƙarar kwando, gara ce. Tsohon katakon maɗaci ya fi sabon allon da ake mannawa da gam nesa ba kusa ba, amma mai saye ba zai gaya maka ba. Aibin da kuka sani ku faɗa, domin ɓoye shi yana ba mai saye damar mayar da kaya. Kuɗi hannu, kaya hannu. Bashi a gwanjo, musamman ga dangi, ba ya dawowa.

Cuta iri biyu ake yi a wurin. Ta farko daga masu kaya: a sa wani ya riƙa ƙari alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi jama'a. Sunansa najashi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ta biyu daga 'yan kasuwa: su haɗa baki mutum ɗaya ya taya, sauran su yi shiru, su kwashe da araha su je bayan gida su raba. In ka ga mutum biyar sun zo tare, ɗaya ne kawai ke magana, sauran suna kushe kaya da ƙarfi, to ka gane. Maganinsu shi ne wancan kuɗin da kuka rubuta, da kuma yawaita sanarwa, a masallacin unguwa da wajen dillalan Wunti da na Muda Lawal, don kada masu taya su zama 'yan gida ɗaya.

Gida kuwa, a yi a hankali. A nemo mutum uku su ƙimanta, kowa daban, a ɗauki matsakaici. Ku maza biyu ne, mata uku, ga mahaifiyarku, kakanninku kuma sun riga mu gidan gaskiya. A ce an ƙimanta shi naira miliyan 24 bayan an biya bashi. Tumunin mahaifiyarku miliyan 3. Saura 21 a kasa 7, namiji ya ɗauki kashi biyu, miliyan 6, mace miliyan 3. In kai ne za ka riƙe gidan, miliyan 18 za ka fitar, a sa lokacin biya a rubuce. In mahaifiyarku ta bar nata a ciki don ta ci gaba da zama, sai ya koma 15. Wannan ita ce hanyar da aka gada, kuma ta fi kowace rufin asiri.

In ɗayanku ya yi gaggawa ya sayar da rabonsa ga bare tun ba a raba ba, sauran kuna da shuf'a: ku biya abin da baren ya biya ku karɓe. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙin na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara, ya rasa shi. Ƙaramarku da ba ta balaga ba, ba mai sallama rabonta sai wasiyyi ko alƙali. Saboda ita kaɗai ma ya kamata ku kai rabon kotun shari'a a ba ku takarda.

In babu mai iya riƙewa, sai a sayar wa na waje. Dokar filaye ta 1978 tana nan kan turbar ta 1910: ikon zama ake sayarwa, kuma gidan da ke da satifiket, wato takardar ikon zama ta gwamnati, ba ya canja hannu sai da amincewar Gwamna. A je ma'aikatar filaye a bincika ko ba a jinginar da takardar a banki ba, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Yawancin gidajen cikin ganuwa ba su da satifiket, shaidarsu mai unguwa ne da maƙwabta. A tara su a nuna iyaka kusurwa huɗu, a faɗi katangar da ta haɗa ku da wani, da inda ruwan indararo ke bi. Kowane magaji baligi ya sa hannu da kansa, matan ma haka, ba wai yayansu ya sa musu ba. Kuɗin kafin alƙalami a rubuta adadinsa da ranar cikawa da abin da zai faru in mai saye ya fasa. Makulli kuma ba ya barin hannunku sai kuɗin sun cika.

Ka gaida mahaifiyarku. Kada a sa ranar komai sai ta fita takaba.

Baffanka.