Tsaraba a Bankok: fara da Chatuchak

Hajiya, kin tambayi inda za ki sayi tsaraba a kwana ukun da za ki yi a Bankok. In Asabar ko Lahadi ta riske ki a garin, nufi kasuwar Chatuchak, don ranakun take ci sosai. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ki sauka a tashar Kamphaeng Phet, kina fitowa kin shiga kasuwa. Ki yi sammako, don da rana ta take lungunan nan kamar tanda suke. Akwai gyalen siliki, jakunkuna, man zafi, da sabulun da ake sassaƙawa kamar fure a ɗan akushi, wanda yara ke so ƙwarai.

In kuwa kayan sawa kike so da yawa, kasuwar Pratunam ta fi. Ki ɗauki guda uku, sai a ba ki farashin sari. Mai shago zai danna kuɗin a kalkuleta ya miƙo miki, ke ma ki danna tayinki cikin fara'a. Ki riƙe tsabar baht, kuɗin ƙasar, a hannu.

Don Allah kada ki taɓa kayan hauren giwa, ko an yi miki araha. Fita da shi laifi ne, ana kama mutum a filin jirgi.