Batirin babur ɗin ruwa na mutuwa: auna kafin ka sayi rektifaya

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na karanta tambayarka, ka ce ka sayo babur ɗin ruwa na hannu, wato jet ski, kana kai shi dam ɗin Dadin Kowa, in ka caja batir a gida ya tashi lafiya amma bayan zagaye biyu uku in ka kashe shikenan sai ƙas ƙas, kuma har ka canja batir sau ɗaya, yanzu an ce ka sayi rektifaya. Don Allah dakata tukuna. Ni aikin wayarin nake yi a nan Gombe, babura da janareta, kuma irin naka ya taɓa zuwa hannuna.

Tsarin cajinsa kusan irin na babur ne, babu altaneta irin ta mota. Akwai maganeto mai maganaɗisu yana juyawa a kan kwayil, kwayil ya ba da wutar AC mai kai da komowa, rektifaya ta mai da ita DC, irin wadda batir ke ɗauka, ta kuma tsare ta kar ta wuce ƙima, sannan ta bi ta fis zuwa batir. Abu huɗu ke nan za mu auna, kwayil, rektifaya, fis da batir, da wayoyinsu, kuma mita, wato na'urar awon wuta, ce za ta nuna mai laifi.

Kafin komai cire kujera ka bar cikin ya sha iska, tururin fetur na taruwa a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa. Wannan ba wasa ba ne.

Toh fara da batir. Caja shi ya cika, ka bar shi ya huta wasu awanni, sa mita a DC, ya kamata ka ga bolt 12.6 zuwa 12.8. Danna sitata kana kallon mita, in ya faɗo ƙasa da 10 batirin ya gaji ko da sabo ne, don zafin garin nan da ajiye batir wata da watanni ba caji suna kashe shi. In injin ya tashi, ba shi totur kaɗan zuwa tsaka-tsaki. Lafiyayye zai hau 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 da wani abu ko yana sauka, ba ya caji. In ya haura 15, rektifaya ce ta saki, tana dafa maka batir.

Amma fa kula, injin nan da ruwa yake sanyaya kansa, kar ka bar shi yana aiki a tudu fiye da daƙiƙa 15 ba ruwa. In da tiyo za ka yi, tada inji tukuna sannan ka buɗe ruwa, in za ka gama rufe ruwa sannan ka kashe inji, in ka juya tsarin nan, ruwa zai bi ta salansa ya shiga inji. Ko da tiyon ma a taƙaice. Ni na fi son a yi awon yana cikin ruwa a bakin gaɓa, a ɗaure.

In ba ya caji, duba fis, sannan kan batir da wayar da ke zuwa jikin inji. Nan nake so ka daɗe. Wanda aka kawo min, mai shi ya riga ya sayi batir biyu da rektifaya ɗaya, kuɗi masu yawa, ina cire soket ɗin da ke tsakanin kwayil da rektifaya sai ga ƙafa ɗaya ta yi baƙi robar ta narke, sauran duk koren tsatsa. Yawancin na hannu ɗin nan sun yi zama a ruwan gishiri kafin su iso mana, ruwan kogin Gongola da ke cika dam ɗin ba gishiri amma ɓarnar ta riga ta shige cikin waya, ka fere ta ka ga tagullar ta yi baƙi har ciki. Na yanke zuwa inda take da kyau, na sa sabon soket na shafa giris na lantarki, mita ta nuna 14.2. Abin ya dame ni sosai, don rektifayarsa ta asali da aka cire lafiyarta ƙalau kuma ta fi wadda aka sa mai.

In soket da fis lafiya, sai kwayil. Yawanci wayoyi uku ne kala ɗaya, wasu tsofaffi biyu. Inji a kashe, soket a cire, sa mita a om, wato ma'aunin turjiyar waya, ka auna su bibbiyu, za ka ga lamba ƙarama, om ɗaya ko ƙasa, abin lura dai ukun su zo daidai. Sannan kowace waya da jikin inji, nan kam bai kamata mita ta nuna haɗuwa ba sam, in ta yi ƙara kwayil ta ƙone. Sai ka juya mita zuwa AC ka tada inji, kowane bibbiyu su ba da wuta kusan ɗaya kuma tana hawa in ka ba da totur, yi hankali da hannunka don wutar tana iya jan ka. In duk wannan ya fita lafiya, fis lafiya, waya lafiya, amma batir ba ya hawa, yanzu ne za ka sayi rektifaya, kuma ta lambar injinka, kar a liƙa maka ta babur.

Abu biyu da ke ƙona ta: cire kan batir inji na aiki wai a gwada caji, da jona shi da mota tana kunne. Juya kan batir ko na daƙiƙa ɗaya ma haka. Kuma cajinsa ƙarami ne, riƙe batir yake yi, ba zai cika mataccen batir ba.

In ka ga yana kai 14 amma bayan kwana uku a ajiye ya mutu, to wani abu ne ke sha a ɓoye, sau da yawa famfon fitar da ruwa ko wata fitila da aka ƙara. Cire kan baƙar waya in za ka ajiye.

Turo min sunan kamfanin, Yamaha ne ko Sea-Doo ko Kawasaki, da shekararsa, da lambobi ukun nan: a kashe, lokacin sitata, da kan totur. Da hoton soket ɗin in zai yiwu.