Tambaya da Amsa: Me ya sa gas ba ya kamawa sai da ashana?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ƙonewar gas zafi take fitarwa. To me ya hana shi kamawa da kansa idan ya haɗu da iska? Kuma katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba, yana ƙara zafin ne? Daga wata ɗalibar sakandare.

Amsa: 'Yata, abu biyu ne a nan, ɗalibai kan cakuɗa su. Canjin entalfi shi ne bambancin makamashi tsakanin sinadaran da aka fara da su da waɗanda aka samu a ƙarshe. Mol ɗaya (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) na metan, wani nau'in gas, idan ya ƙone yana sakin kilojul 890 na makamashi, shi ya sa ake rubuta canjin entalfinsa -890, alamar debewar na nufin zafi ya fita. Amma wannan adadi bai ce komai ba game da sauri.

Kafin sabbin ɗauri, wato abin da ke riƙe ƙwayoyin zarra da juna, su ƙullu, sai tsofaffin sun fara tsinkewa, kuma tsinkewar tana cin makamashi. Wannan shi ne makamashin tayarwa, tudun da dole a haura kafin a gangara. A zafin ɗaki, ƙwayoyin da ke karo da isasshen ƙarfi ba su taka kara sun karya ba. Ashana ke tura 'yan kaɗan su haura, zafin da suka saki ya tura na kusa da su, wuta ta ci gaba da ciyar da kanta.

Katalis kuwa hanya yake buɗewa mai ƙaramin tudu, ba ya taɓa entalfi. Ki ɗauki haidurojin faroksaid, ruwan nan da ake wanke rauni da shi: rushewarsa zuwa ruwa da oksijin tana sakin kilojul 98 a kowane mol, da katalis ko babu, alhali makamashin tayarwarsa wajen kilojul 75 ne a kowane mol idan babu katalis.

Ki gwada a ɗakin gwaji. Zuba mililita 50 na faroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari a kofin soso (farin kofin roba marar nauyi mai riƙe zafi), auna zafinsa, ƙara ɗan garin manganis dayoksaid, wanda shi ne katalis ɗin, ki juya kina duba ma'aunin. A lissafi zafin zai hau da kusan digiri 20 na salshiyos. Da wuya ki samu haka cif. Idan da kofin gilashi kika yi, zai shanye zafi, tsohon faroksaid kuma ya riga ya rushe a kwalba, musamman wanda haske ya daka. Idan garin ya yi kaɗan, aikin zai ja lokaci har zafin ya tsere kafin ki karanta. Kada ki toshe bakin kofin, oksijin ɗin yana buƙatar mafita.