Sanyi Ya Ƙone Mini Shuka, Ko Za Ta Farfaɗo?

Assalamu alaikum Anti. Ina da shukar monstera a tukunya a falo, mai faffaɗan ganyen nan mai tsage-tsage. Mun yi tafiya a tsakiyar hunturu, na'urar ɗumama gida ta lalace ba ma nan. Da muka dawo na tarar ganyayen sun yi baƙi sun langaɓe, wasu har sun yi luguf kamar an dafa su. Maigida ya ce in zubar kawai, ni kuwa zuciyata ta ƙi. In aske ganyen in zuba mata taki, ko dai ta mutu ke nan?

Mai karatu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ce wa maigida ya ɗan dakata, don kara da saiwa ne za su yanke hukunci.

Asalin monstera dazuzzukan kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, ba ta san sanyi ba. Da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 sai ta fara jigata. Idan ya kai ga daskarewa, ruwan da ke cikin ganyen yana zama ƙanƙara ya farfasa shi ta ciki, shi ya sa kika ga ya yi luguf. Ganyen da ya yi baƙi ba zai sake yin kore ba, ki cire rai da shi.

Matsa karan da yatsa. In yana da ƙarfi kuma kore ne, da sauran rai. Sai ki zare ta daga tukunya a hankali ki duba saiwar: mai fari da tauri lafiyarta ƙalau, mai yauƙi da wari ta ruɓe, ki datse ta da almakashi mai tsabta. Haka ma ganyen da ya narke. Amma wanda ke da sauran kore ki ƙyale shi, da shi take samun abinci.

Taki kam a'a, sai kin ga sabon tofo. Inda mutane suka fi kashe irin wannan shuka shi ne wajen ban ruwa: tausayi ya sa su malala mata, alhali ba ta da ganyen da zai ja ruwan, saiwar ta ruɓe. Tura yatsa cikin ƙasar, sai kin ji ta bushe ki ba ta.

Ajiye ta inda akwai haske ba rana kai tsaye ba, ɗumin ɗaki digiri 18 zuwa 24, nesa da bakin taga da na'urar ɗumama. Tofon yakan ɗauki makonni, wani lokaci har sai sanyi ya wuce. Idan saiwar duka ta tafi, yanki kara mai lafiya da ke da gaɓa ki tsoma a ruwa, daga gaɓar sabuwar saiwa take fitowa.