Tambaya da Amsa: Sababbin dokokin haraji za su cike giɓin kasafin kuɗi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kayan masarufi nake sayarwa. Kullum a rediyo ana cewa kasafin gwamnatin tarayya yana da giɓi, kuma an kawo sababbin dokokin haraji don cike shi. Wannan gyaran zai raba gwamnati da cin bashi ne, ko mu za a ƙara matsa wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gyaran zai taimaka, amma shi kaɗai ba zai cike giɓin ba, kuma duk wanda ya ce maka zai cike shi cikin shekara ɗaya ko biyu bai duba lissafin da kyau ba.

Dubi kasafin 2025. Gwamnati ta tsara kashe kusan Naira tiriliyan 55, abin da take sa ran samu kuma ya gaza da sama da tiriliyan 13. Abin da ya fi damuna shi ne, a cikin wannan kasafin, sama da tiriliyan 14 biyan tsofaffin basussuka da ruwansu za su ci. Kenan bashin da aka tsara ciwowa a 2025 don cike giɓin gaba ɗayansa bai ma isa biyan na shekarun baya ba. A zamanin Buhari rancen da gwamnati ta riƙa karɓa daga Babban Banki ya kai tiriliyan 22.7 kafin a mayar da shi bashin dogon zango a 2023. Irin wannan rancen yana ƙara kuɗi a hannun jama'a ba tare da kaya sun ƙaru ba, kuma kai ka fi ni sanin abin da hakan ya yi wa farashin shinkafa da mai.

Matsalar Najeriya ita ce kaɗan ne ke biyan haraji, su kuma ake ta tatsa. A 2021 harajin da aka tara bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba, alhali ƙasashen Afirka da dama suna wuce kashi 15. Ma'aikacin gwamnati ana cire nasa kafin albashi ya shigo. Mai shago yana biya wa jiha, ya biya wa ƙaramar hukuma, ya biya wa masu tsayawa a bakin kasuwa da tikiti. Amma masu manyan gidajen haya da manyan 'yan kwangila da yawa ba a san adadin abin da suke samu ba, ballantana a karɓa.

Kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta tun 2023 wannan ya so ya gyara, kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu a watan Yunin 2025. An sauya hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, zuwa sabuwa mai suna NRS. Wanda kuɗin shigarsa na shekara bai wuce Naira 800,000 ba an cire shi daga harajin kuɗin shiga, masu samun sama da miliyan 50 kuma za su biya har kashi 25 a kan abin da ya haura. An so a ɗaga VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, daga kashi 7.5, majalisa ta ƙi, kuma an cire shi daga abinci na yau da kullum da magunguna da karatu. A ganina nan an yi daidai. A Kenya, a 2024, an so a ƙara haraji a kan kayan amfanin yau da kullum, matasa suka cika tituna har aka rasa rayuka, dole Shugaba William Ruto ya janye ƙudirin dokar.

Gwamnonin Arewa sun yi tsaye a kan rabon VAT tsakanin jihohi, domin daftarin farko ya so a ba da kashi 60 bisa inda kuɗin ya fito, abin da suka ga zai fifita Legas. A ƙarshe aka tsaya a kan rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Jihohi kuma kasonsu ya tashi zuwa kashi 55, na tarayya ya sauka zuwa 10. Lura da kyau, wannan ya rage wa Abuja kuɗi ne, ita mai giɓin.

Saura ɓangaren kashewa, wanda dokar haraji ba ta taɓa shi. Muddin ana sayen motocin alfarma ana ƙirƙirar hukumomi masu aiki iri ɗaya, ƙarin kuɗin shiga zai zama kamar zuba ruwa a kwando. Mutanen Kano ba su manta ba cewa Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, domin talaka ya gaji da biya bai ga komai ba.

Kai kuwa, Alhaji, ka riƙa rubuta cinikinka da abin da ka kashe, ka adana rasit ɗin duk abin da ka biya wa hukuma. Wanda ba shi da lissafi a rubuce, kiyasi ake yi masa, kuma mai kiyasin ba zai san asarar da ka yi a watan da kaya suka lalace ba.