Me ya sa suyata take shan mai, ta yi laushi kafin ta kai faranti?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Suya ce ta gagare ni. Duk sanda na soya dankalin turawa, a cikin kasko sai in ga kamar ya yi, amma kafin in gama zuba wa yara ya yi laƙwas, mai na naso a faranti. Samosa ma haka, wani lokacin har ta fashe a cikin mai. Kaza kuwa, in na ce bari in soya ta sama-sama da daddare don in huta da doguwar hidima, maimakon ta yi ja sai ta riƙa fitar da ruwa tana dahuwa a ciki. Na canza mai har sau uku ban ga bambanci ba. Man ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki bar canza mai haka nan, kuɗinki kawai kike kashewa. Hannunki ma lafiyarsa ƙalau. Dankalin, samosar da kazar duk ciwo ɗaya ke damun su, wato ruwa, sai kuma wutar da ba ta kai ta kore shi ba.

Ɗanyen dankalin turawa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Ita kuwa suya, in kika duba da kyau, busarwa ce cikin gaggawa. Wannan kumfar da take tasowa da ƙarar "cuuu" da kike ji in kin zuba dankali, ba man ne ke tafasa ba, ruwan jikin dankalin ne yake fita a matsayin tururi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyas, kuma muddin bayan abu a jiƙe yake, zafinsa ba zai wuce nan ba komai ƙarfin wutarki. Shi kuma jan nan mai ƙamshi da muke nema, sai zafin ya haura wajen digiri 140 yake fara kankama. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin yadda sukari da sinadaran furotin suke haɗuwa su ba da wannan launi, a 1912, har yau ma da sunansa ake kiran abin. Ke dai abin da za ki riƙe shi ne: sai bayan abu ya bushe sannan zai yi ja.

To ta ina man yake shiga? Nan ne mutane da yawa suke mamaki. Yayin da dankali yake cikin mai mai zafi, tururin da ke fitowa yana ture man baya, ba ya samun hanyar kutsawa sosai. Mafi yawan man da suya take sha, bayan an kwashe ta take shan sa. Da ta fara hucewa, tururin da ya rage a ciki sai ya koma ruwa, ƙananan ramukan da ya bari su zuƙe man da ya maƙale a jiki, kamar yadda soso yake zuƙar ruwa. Shi ya sa a kasko kike ganin ya yi, a faranti kuma ya ba ki kunya. In man bai yi zafi ba tun farko, ɓawon da ya kamata ya toshe hanya bai samu ba, tururin ma ba shi da ƙarfi, sai dankalin ya daɗe a ciki yana jiƙa.

Ina da tabbacin kina yin abin da ni ma na daɗe ina yi: ki fere dankali kwano guda, ki ga yara na jira, ki juye shi duka a kasko lokaci ɗaya. Man da ya kai digiri 180 sai ya faɗo ƙasa warwas, ƙarar suyar ta mutu, ki koma kina dafa dankali a cikin mai mai ɗumi. Saurin da kika yi ya haifi nawa. Ki raba shi kashi uku ko huɗu, kowane zubi ya samu wurin yin iyo, kuma tsakanin zubi da zubi ki ba man minti ɗaya ko biyu ya dawo da zafinsa.

Ga yadda nake yi. Ina yanka dankalin kauri ɗaya, kamar kaurin ƙaramin yatsana, don kada wani ya ƙone wani yana ɗanye. In wanke shi a ruwan sanyi har sai ruwan ya daina yin fari, don wannan farin sitati ne, shi ke sa ya manne da juna ya yi duhu da wuri. Daga nan in tsane shi a kwando, in shimfiɗa shi a kan ƙyalle mai tsabta in goge shi tas. Wannan gogewar da ake rainawa ita ce rabin aikin. Sai suya ta farko a wuta matsakaiciya, wajen digiri 150, na minti biyar zuwa bakwai. A nan ba ja nake nema ba, so nake cikinsa ya dahu, ya fito fari fat, mai laushi, har ki ce ya lalace. In baza shi ya huce sarai. Sannan in ƙara wuta zuwa digiri 180 ko 190, in mayar da shi na minti biyu ko uku. Wannan suya sau biyu ita ce hanyar da aka san mutanen Beljiyam da ita, kuma ba don ƙawa suke yi ba: ta farko tana dafa sitatin ta fara gina ɓawo, hutun tsakani yana barin ruwa ya ƙara fita, ta biyu kuma ta busar da ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras. Wani alfanun shi ne za ki iya yin suyar farko tun da rana, in lokacin ci ya yi minti uku ya ishe ki.

In ba kya son suya biyu, ki tafasa yankakken dankalin na 'yan mintuna a ruwan gishiri da cokali ɗaya na khal (ruwan tsamin nan da ake kira binega), ki tsane, ki bar shi ya sha iska har tururi ya daina tashi, sannan ki soya sau ɗaya a mai mai zafi. Tsamin khal ɗin yana riƙe jikin dankalin kada ya farfashe.

Ba sai kina da ma'aunin zafi ba, kodayake yana da amfani. Ki tsoma bakin cokalin katako busasshe a cikin man. In ƙananan kumfa suka taso a hankali kewaye da shi, ya yi daidai da suyar farko. In suka taso da sauri suna rawa, ya kai ta biyu. Ko ki jefa ɗan guntun burodi: in ya yi ja cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba, man ya shirya. In kuwa kin ga hayaƙi na tashi, ya zarce, ki sauke ya ɗan huce, don man da ya yi hayaƙi ya fara lalacewa, kuma ɗacinsa zai bi abincin. Bota ba ta jure irin wannan zafin, ki bar ta wa ƙwai. Tataccen man gyaɗa ko na masara ko na furen rana duk suna yi.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan kwashewa, wanda ina zargin nan ne naki yake ƙarasa mutuwa. Ki ɗaga matsamin ki girgiza shi a saman kasko tun dankalin na da zafi, kafin ya fara zuƙar man. Ki baza shi a kan raga ko kwando mai huji inda iska za ta ratsa ta ƙasa, kada ki tara shi tsibi. Gishiri a lokacin za ki barbaɗa, ba kafin suya ba, don gishiri yana janyo ruwa waje. Kuma don Allah kada ki zuba shi a kula ki rufe. Kula an yi ta ne don ta riƙe tururi, ke kuma duk wahalar da kika sha ta korar tururi ce. Minti biyar a rufe ya isa ya mayar da suya dafaffe.

Wata 'yar shawara a gefe: dankalin da ya kwana biyu a firji yana juya wani ɓangare na sitatinsa zuwa sukari, sai ki ga ya yi duhu a mai tun cikinsa bai dahu ba. In na suya ne, ki ajiye shi a wuri mai duhu da iska. Kuma ki tsaya a launin ruwan zinariya. A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitati da aka soya ko aka gasa da zafi mai yawa yana samar da wani sinadari da ake kira akirilamaid, da ake zargin yana iya cutar da lafiya, wanda yake ƙaruwa gwargwadon duhun suyar, shi ya sa hukumomin kula da abinci suke ba da shawarar kada a bari ya yi baƙi.

Samosa ba ta buƙatar dogon bayani, labarin ɗaya ne ta ciki. Haɗin naman da albasa in yana da romo, ko kin naɗe shi da zafinsa, tururi zai taru a ciki ya rasa hanya, sai ya fasa bango. Ki soya haɗin har ya bushe ƙamas a kasko, ki bar shi ya huce gaba ɗaya, ki matse iska waje in kina naɗewa, ki liƙe bakin da kwaɓaɓɓiyar fulawa mai kauri. Abu ɗaya da ya bambanta: in fallen kwaɓinki mai kauri ne, ki fara ta a wuta matsakaiciya ta daɗe, ki ƙara wutar a ƙarshe. Mai mai tsananin zafi zai sa bayanta ya yi ƙuraje ya yi ja alhali cikin fallen ɗanye ne, shi ne kuma zai saki daga baya. Mai siririn falle ita ce take son zafi da sauri.

Yanzu kazar dare, wadda ta fi ba ni tausayi don ita ce aka yi niyyar hutawa da ita. Naman da ya fito daga firiza bai gama sakin ƙanƙara ba, ko aka wanke aka jefa a kasko yana ɗiga, dole ya dahu a ruwansa. Ki bar shi ya narke a firji tun safe, ki goge kowace tsoka da takardar kicin, ki sa gishiri da kayan ƙamshi busassu. Kasko mai faɗi da kauri, mai cokali biyu kawai, ki jira ya yi zafi. Ki jera cinyoyin kazar, ɓangaren fata a ƙasa, da tazarar yatsa biyu a tsakaninsu, sannan ki janye hannunki. Wannan shi ne wuri mafi wuya, na sani, hannu yana ƙaiƙayin juyawa. Ki bar su minti bakwai ko takwas. In kin taɓa kin ji sun kama kasko, ba su shirya ba, da kansu za su saki in fatar ta yi ja. Ki juya, ki rage wuta su ƙarasa. Kaza ta dahu in tsakiyarta ta kai digiri 74, ko in kin soka wuƙa kusa da ƙashi kin ga ruwa garai-garai ba ja.

In kin kwashe, kada ki wanke kaskon. Wannan jan da ya maƙale a ƙasa nan ɗanɗanon yake. Ki zuba albasa ta yi laushi, ki ƙara tafarnuwa da tumatir biyu, ki ɗan tsiyaya ruwa rabin kofi kina kankare ƙasan da cokalin katako. Cikin minti biyar kin samu 'yar miyar da za ta raka shinkafa ko taliya ko dankalin nan naki. Kayan lambu irin su koren wake da karas, in za ki soya su, su ma a bushe, a wuta mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan, gishiri a ƙarshe.

Haɗin kabeji da karas na gefen faranti ma wannan ruwan ne yake ɓata shi. Kin san yadda yake kwantar da ruwa a ƙasan kwano bayan awa ɗaya, mayonis ya tsinke? Gishirin da ke cikin haɗin ne ya janyo ruwan kabejin. Sai ki riga shi: ki barbaɗa wa yankakken kabejin gishiri kaɗan a kwando, ki bar shi minti 20, ki matse, sannan ki haɗa. Zai kai dare da ƙarfinsa.

Tunda na ce ki ƙara wuta, dole in faɗa miki wannan. Kada mai ya wuce rabin tukunya, sulusi ma ya fi, don kumfa tana tasowa in an zuba abu. In tsautsayi ya sa ya kama da wuta, ki kashe murhu ki rufe da murfin ƙarfe, ki bar shi a wurin har ya huce. Kada ki kuskura ki watsa ruwa. Ruwa in ya zama tururi girmansa yana ninkawa kusan sau 1,700, nan take zai watso man mai ci da wuta sama.

Ragowar dankalin da ya kwana kuwa, ki sa shi a firji cikin awa biyu da soyawa, gobe ki baza shi a busasshen kasko mai zafi ko a obin na 'yan mintuna. In kuma ya riga ya yi laushin da ba ya dawowa, ki yayyanka shi ki soya da albasa, ki fasa ƙwai huɗu a kai, ki rage wuta ki rufe har ya kama jikinsa. A wannan karon murfin na da amfani.